Mutumin da Ke Tsugune a Bayan Mai Kulki

Ni dai ban taɓa riƙe kulkin besbol ba, kuma har gobe idan aka ce in jero dokokin wasan zan yi tuntuɓe tun kafin in kai rabi. Amma an taɓa naɗa ni alƙalin wata kakar wasa da aka gama tun ina rarrafe, a wata ƙasar da ban taɓa takawa ba, kuma na yanke hukunci da bakina. A Hatta aka yi, wani ƙaramin gari cikin duwatsu a bayan Dubai, cikin sanyin da ya biyo bayan shekarar annoba, lokacin da tafiya gida ta gagari kowa.

Gyaran na'urar sanyi nake yi a Dubai. Duk mako muna yawo tsakanin Deira da Al Ras, daga rufin wannan sito zuwa na wancan, ƙamshin kanumfari da citta yana bin rigunanmu har ɗaki. Mu uku ne a mota. Babbanmu mutumin Venezuela ne, ya haura hamsin, gajere mai faɗin kafaɗa, Injiniya muke ce masa. Direbanmu ɗan zangon Kumasi ne, mutum mai dariya da dukan jikinsa. Ni kuma ɗan kudancin Kaduna, ranar da Direba ya ga Littafi Mai Tsarki a jakar spanata ya laƙaba mini Fasto, sunan ya bi ni har ofis.

Ranar Juma'a mukan je Hatta duba ɗakin sanyi na wata gona da ake ajiyar zuma da dabino. Ina son wannan hanya ƙwarai. Gine-gine su ƙare, yashi ya fara, yashin ya yi ja, sai kawai duwatsu su tashi a gabanka, baƙaƙe, babu ko ciyawa. Idan na lumshe ido kaɗan sai in ga kamar na doshi gida, kamar bayan dutsen can akwai gonar citta da uwata tana duƙe a ciki. Aikin bai fi awa biyu ba. Da azahar Direba ya tafi masallaci, lokacin ba a daɗe da sake buɗe masallatai ba, ni da Injiniya mu zauna a inuwa kusa da dam muna jiransa, ruwan kore shar, ko motsi ba ya yi.

A irin wannan zama ne ya miƙo mini wayarsa wata rana. Wani tsohon hoton talabijin ne, duk ya dushe, mutane cikin fararen kaya a fili mai ciyawa. Ɗaya yana jifa da ƙwallo, ɗaya yana tsaye da kulki, sai wani a bayan mai kulkin, a tsugune, fuska rufe da waya kamar kwandon kaji. Mai kulki ya tafi, wani ya zo, shi yana nan tsugune. Na uku ya zo, bai tashi ba. A wurinmu kuwa wanda ya tsuguna a gaban mutane ko gaisuwa yake yi, ko roƙo, ko an kama shi da laifi. Sai na ce, da Turancinmu na aiki, “Injiniya, wannan bawan Allah fa? Me ya yi aka hana shi miƙewa? Ko shi ne yaron da ke tsince musu ƙwallo?”

Ya dube ni. Ya ce, “Ubana ne.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, sai ya ɗaga hannu ya ce in bari, shi ma da yake ƙarami haka yake gani. Ya matso da hoton, ya nuna mini yatsun mutumin a tsakanin cinyoyinsa, suna motsi a ɓoye. Ashe na tsugunen shi ke gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, ko mai sauri, ko mai lanƙwasa, ko sama, ko ƙasa. Shi ke cafe duk ƙwallon da mai kulki ya kuskure. Shi kaɗai ne a ƙungiyarsa yake fuskantar filin gaba ɗaya.

Daga nan ya ba ni labarin. A wata kakar wasa ƙungiyar ubansa ta ci gasar ƙasarsu. Da aka zo zaɓen gwarzon kaka, sunaye biyu suka fito, duka daga ƙungiya ɗaya, ubansa da wani dogo mai bugun ƙwallo ta tsallake katanga. Marubutan wasanni suka ba dogon. Uban ya dawo gida da yamma, ya tarar ɗansa ya manna hoton dogon a bangon ɗaki, saitin gadonsa. Injiniya ya ce shekararsa tara a lokacin, kuma hoton ya yi shekaru a wurin, uban yana wucewa ta gabansa kullum. Ba su taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya.

Yanzu tsohon ya tsufa, tunaninsa yana zubewa. Ƙanwar Injiniya ce ke kula da shi. Idan Injiniya ya kira waya, tsohon yakan gaishe shi da ladabi kamar baƙo, wani lokaci ya ɗauka ƙanensa ne da ya mutu tuntuni. Injiniya yana so ya ce masa, “Kai ne gwarzon wannan kaka,” tun da sauran abin da zai ji maganar da shi. Amma ya kasa, domin bai sani ba ko ya yarda da hakan, ko tausayi ne kawai. Ya ce ubansa, ko a haka, yana jin ƙanshin ƙarya a murya.

“Kai ba ka san kowa ba a cikinsu,” in ji shi. “Ba ka san wasan ba ma. Ka saurara, ka kalla, ka gaya mini gaskiya. Abin da ka ce shi zan faɗa masa.”

Na karɓa, kuma ba zan ɓoye ba, girman kai ya taimaka. Kakana yana cikin dattawan da ke zaɓen gwanin noma idan an yi gayya a ƙauyenmu, na tashi ina jin cewa alƙalanci a jininmu yake. Su ba sa faɗin gwani a ranar gayya. Sai an yi ruwa, an kwana bakwai, su zaga gonar da sandunansu, su ga kunyar wa ta tsaya, ta wa ta rushe, ta wa ciyawa ta riga ta fito. Na ce wa Injiniya ni ma ba zan yi gaggawa ba, sai na zaga gonar tukuna.

Kayan shari'ar ba su da yawa. Hotunan talabijin kaɗan ne. Mafi yawa kaset ne na rediyo da mahaifiyarsa ta ɗauka a wancan zamani, ƙanwar ta juye ta turo masa. Sai muka mayar da hanyar Hatta filin wasa. Da mun bar gari Injiniya ya kunna, muryar wani mai sharhi ta cika motar da Sifaniyanci, tana gudu, tana tsayawa, tana tashi sama kamar za ta fasa gilashi, bayanta kuma hayaniyar mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Injiniya yana fassara mini rabi, rabin ya manta da ni, leɓensa yana motsi tare da mai sharhin. Raƙuma suna kiwo a gefen titi, duwatsu suna matsowa, mu kuwa muna wata yamma ta wata shekara a bakin wani teku. Sau da yawa nakan yi gyangyaɗi, in ga filin a mafarki, amma da jar ƙasar garinmu, 'yan wasan kuma sanye da rigunan mawaƙan cocinmu.

Direba tun mako na biyu ya gaji da mu. Ya jawo ni gefe a gidan mai, ya ce, “Fasto, wane irin wahala ne wannan? Tsoho na ciwo, ɗansa na son ya faranta mishi. Ka ce ubanshi ne, khalas! Wa zai kai ka kotu?”

Na ce, “Ɗan'uwa, gaskiya ya roƙe ni.”

“Gaskiya! Chale, abokina, kai ko offside na wasan nan ba ka sani ba.”

“Babu offside a cikinsa.”

“To ka gani? Wasan da babu offside, shi za ka tsaya kana rantsuwa a kai?”

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, domin ni mutum ne mai taurin kai, kuma idan aka ce in yi ƙaryar alheri sai wuyana ya ƙara sandarewa. Na ci gaba da saurare. Kuma abin da kunnena ya ji shi ne, duk lokacin da ƙungiyar ta shiga uku, dogon nan ne ke fitar da ita. Sai muryar mai sharhi ta yi ƙasa, filin ya yi tsit, sai ka ji ƙas, kulki ya haɗu da ƙwallo, sai duniya ta rikice. Sunan tsohon kuwa ba a cika ambatonsa ba, sai a wuce. Na so in ji abin da zai sa in ba shi, na kasa kunne har kaina ya yi ciwo. Ban ji ba.

Ranar hukunci, bayan Direba ya dawo daga masallaci, muka zauna mu uku a bakin dam. Wasu iyalai suna tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu launi can tsakiya, muryoyinsu suna zuwa mana a hankali. Na gyara murya kamar yadda kakana ke yi. Na ce a gayyarmu akwai makaɗi, shi ke saita hannun manoma, in ya yi sauri su yi sauri, in ya sassauta su sassauta, kuma babu gayya in babu shi. Amma ban taɓa ganin an ba makaɗi kambun noma ba, mai garma ake ba. Na ce, “Injiniya, ubanka makaɗi ne, kuma gwani. Amma marubutan nan ba su yi zalunci ba. Kakar ta dogon ce.”

Direba ya dafe kai ya ce, “Innalillahi.” Injiniya ya ɗauki tsakuwa ya juya ta a hannu, ya ajiye. Tausayinsa ya kama ni har na ji na tsani kaina da kakana da gayyar baki ɗaya. Sai ya duba agogo, ya ce yanzu gari ya waye a can, kuma da safe ne tsohon ya fi zama cikin hankalinsa. Ya ce ya yi alkawari abin da na ce shi zai faɗa.

Ya buga kiran bidiyo, ƙanwar ta ɗauka, ta juya wayar. Na ga wani tsoho a kujerar roba, cikin singileti, bayansa wata bishiyar mangwaro, hannuwansa a kan gwiwa, yatsun a karkace kowanne ya kama gabansa. Ya gaida Injiniya kamar yadda ake gaida mai karanta mita. Injiniya ya yi magana a hankali, daga baya ya gaya mini abin da ya ce. Wai akwai wani alƙali daga Afirka, ya saurari kakar nan daga farko har ƙarshe, ya ce dogon ne ya cancanta.

Sai na ga bayan tsohon ya rabu da jikin kujera. Ya ce wani abu gajere, ƙanwar ta toshe baki. Ya sake cewa wani abu, wannan karon dogo, yana nuna wayar da karkataccen yatsa.

“Me ya ce?” na tambaya.

Injiniya ya ce, “Ya ce a nuna masa jakin.”

Aka juyo da wayar gare ni. Na cire hula na rusuna, na ce, “Barka da asuba, Baba,” da Hausa, don ban san me zan ce ba. Bai kula gaisuwata ba. Ya buɗe mini wuta, Injiniya yana fassarawa da gudu yana haɗiye rabi. Wa ya gaya wa dogon irin jifar da za a yi masa, in ba wanda ya shekara yana karantar hannun masu jifa daga ƙasa ba? Mai jifarsu na wannan kaka, wanda amai ke kama shi kafin kowane wasa don tsoro, wa ya riƙe shi har ya zama mutum? Rediyo yana faɗin wannan? Rediyo yana da ido? Ya kawo wasa ɗaya bayan ɗaya, da garin da aka yi, da yadda iska ke kaɗawa ranar, da wanda ke tsaye a kowace kusurwa. Mutumin da aka ce ba ya tuna ko ya karya kumallo.

Can tsakiyar faɗan ya juya ga mai fassarar, ya daka masa tsawa. Injiniya ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Na taɓa shi, na ce ya ci gaba mana. Ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Ya ce in fassara daidai, in daina rage zagin.” Ya juyo gare ni. “Da sunan da yake kirana ina yaro ya kira ni. Ya ce ni ma ai bakina ɗaya da kai, tunda ni na manna hoton.”

Hawaye yana zuba a fuskarsa yana dariya, yana kuma ci gaba da juya mini zagin ubansa zuwa Turanci, wannan karon ba ya rage ko ɗaya. Direba ya tashi ya tafi wajen mota, wai zai duba taya.

Kafin a kashe wayar tsohon ya ce bai yarda da hukuncin ba, a dawo masa da alƙalin. Haka Juma'a ta zama ranar ɗaukaka ƙara. Mu gama da ɗakin sanyi, Direba ya dawo daga salla, mu sayi shayi, in zauna a kan dutse a zage ni. Wata Juma'ar ba ya gane kowa da farko, sai Injiniya ya ce, “Baba, ga mutumin da ya ce dogon ne,” sai ka ga idon ya dawo kamar an kunna fitila a ɗaki. Daga faɗa da ni yakan zarce hira da ɗansa, ya tambaye shi ko yana cin abinci, ko zafin ƙasar Larabawa bai yi masa yawa ba. Ni sai in ja gefe in bar su, in kalli inuwar dutse tana rarrafe a kan ruwa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun a zama na uku tsohon ya kayar da ni. Ya ɗaga hannunsa na dama saitin wayar, ya nuna yatsan da ya karye ana saura wasanni a gama kakar, ya ce ya ɗaure shi da na kusa da shi ya ci gaba, bai gaya wa kowa ba don kada a zaunar da shi mai jifar ya rushe. Na koma na sake sauraron kaset ɗin ni kaɗai, ina neman wuraren da babu ihu. Sai na fara jin su, duk wuraren da abokan hamayya suka zo da ƙarfi suka koma hannu wofi, mai sharhi ya wuce kamar ba a yi komai ba. Na yi kuskure. Na bi inda hayaniya take, na bar inda aikin yake, kuma na ji kunya ƙwarai.

Amma na duba, idan na ce, “Baba, ka yi gaskiya,” shari'a ta ƙare, kuma ban san abin da zai taso da shi daga kujerar nan Juma'a mai zuwa ba. Ni da na ƙi ƙaryar minti ɗaya a gidan mai, sai ga ni ina yin ta mako bayan mako, ina ƙirƙiro hujjojin da ni kaina ban yarda da su ba. In ce ai ƙwallon da ta tsallake katanga kowa ya gan ta. Ya ce uwata ma ta gan ta. In ce marubuta da yawa ba za su haɗu a kan kuskure ba. Ya tofar da yawu a gindin mangwaro. Ranar Lahadi in je coci da yamma in rasa ko tuba zan yi ko godiya.

Zafi ya fara dawowa lokacin da zaman ya soma gajarta. Wata Juma'a ya zage ni sau biyu kawai ya yi barci. Ta gaba ƙanwar ta ce bai tashi ba tukuna. Ranar wata Talata muna kan rufin wani sito a Al Ras, Injiniya ya amsa waya, ya saurara, ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Bai samu zuwa jana'izar ba, a waya ya kalla.

Juma'ar da ta biyo mun je Hatta, domin zuma ba ta san an yi mutuwa ba. Ba a kunna komai a mota ba. Da Direba ya tafi masallaci muka zauna a inda muka saba. Na ga in ban fitar da maganar da ke raina yau ba, ba zan ƙara samun bakin faɗa ba.

Na ce, “Injiniya, hukuncin nan na canza shi tuntuni. Baba ne gwarzon kakar. Na bar shi ya tafi bai ji daga bakina ba.”

Ya ce, “Na sani, Fasto. Tun ranar yatsa. Daga ranar hujjojinka suka lalace.”

“To me ya sa ba ka ce komai ba?”

“Baba ne ya hana. Ya ce alƙalin nan ya riga ya sallama, amma kada in nuna masa mun gane, yana jin daɗin zaginsa.” Ya share ido da bayan hannu. “Ni kuwa na faɗa masa nawa, ranar da ka tashi sayo shayi. Na ce shi ne, kuma ba don tausayi ba.”

Na tambaye shi me tsohon ya ce.

“Ya ce na makara da shekara arba'in, amma ya karɓa.”